Kusa Ta Huɗu

A bakin tafkin Lagdo muka fara jin ta,
ƙwas, ƙwas, kamar ɗan akuya na tunkuyin ƙyaure.
Baba ya ce iska ce.
Na ce yaushe iska ta yi haƙoran ƙarfe?

Motar ta girme ni.
Wani likitan shanu ya sayar masa da ita a Garwa
ana jibi zai koma ƙasarsu:
gado a ciki, murhu, taga ɗaya mai gardama,
sai rumfar tamfol a gefe
wadda ake naɗewa kamar tabarmar baƙo.
A inuwarta Inna ta soya karfasa
har tamfol ɗin ya haddace ƙamshin.

Na kifa bokiti na hau.
Kusoshi shida masu zare
ke riƙe da kafaɗar rumfar a jikin mota.
Ta fari daram, ta biyu daram,
ta uku ta ɗan yi murmushi,
ta huɗu kuwa da ɗan yatsa na juya ta,
tana ta zagaye ba ta isa ko'ina ba,
kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Da na zare ta, baƙin gari ya biyo bayanta.
Katakon da ke ɓoye bayan kwano ya zama tuwo.
Damina nawa ke nan
ruwa yana shiga ta wannan 'yar ƙofa
ba sallama?

Baba na zaune a kujerar roba yana ba da umarni.
Rakiya, kwakule ramin sai kin taɓo mai rai.
Rakiya, ba wannan itacen ba,
nemo kirya, ita ce ba ta jin magana.
Na fere tsinke kamar kaurin ɗan yatsana,
na tsoma a gam, na buga shi ciki,
na yanke abin da ya yi saura.

Sai jira.
Gam ba ya son a tsaya masa a ka.
Muka dafa shayi.
Masunta suka wuce da kwalekwale biyu,
ɗaya na tsiyaya, yaro na kwarfewa da gwangwani.
Can nesa dorina ta yi hamma ta koma.

Da la'asar ya miƙe ya ce a ba shi sukundireba.
Shekara talatin da ɗaya yana jan tirela
daga Ngaundare zuwa Kusiri,
bai taɓa barin wani ya ɗaure masa noti ba.
Ya ɗora bakin ƙarfen a kan sabuwar kusa.
Hannun ya yi rawa.
Ya sake ɗorawa, ya zame,
ya ja farin layi a jikin fenti
mai tsawon tafin hannu.

Bai dube ni ba. Ya miƙo mini ta baya
kamar mai biyan bashi a ɓoye.

Na yanko roba daga tsohon tub na sa a ƙarƙashi
don ruwa ya nemi wata hanya.
Na fara juyawa.
Ya ce, a hankali,
kusa tana faɗa idan ta ƙoshi,
wanda ya ƙara mata bayan nan
shi ke cinye ramin.

Ya yi shiru, sannan ya ce:
ni na cinye wancan.
Shekarar da uwarki ta rasu
babu abin da ban matse ba a motar nan.

Na ji ta kama.
Wani ɗan nauyi ya hawo ta ƙarfen zuwa wuyan hannuna,
na tsaya a nan.

Da dare hadari ya taso daga gabas,
tamfol ya kumbura ya sauka, ya kumbura ya sauka,
muna ciki muna kasa kunne.
Ruwa kawai muka ji.

Da safe na ɗauko ragowar fenti zan shafe layin.
Ya ce bar shi,
zo ki duba ta ukun nan.