Rai Bakwai a Jakar Mutari

Ni ne mai littafin.
Ran Alhamis, in la'asar ta yi sanyi,
nakan hau dutsen da ke bayan Birni
da biro da usur irin na ƴan ƙwallo,
in raba wa mutane sunayen da ba nasu ba.

Kiyari mai gyaran babur ya zama Sarkin Ƙarƙashin Tafki.
Lawali, da jarrabawa ta kayar sau biyu,
shi ne Boka Mai Kiran Hadari.
Takobinmu kara ne cikin soson katifa,
garkuwa murfin tukunya.
Wanda aka taɓa a ƙirji ya mutu:
ya nemi inuwa, ya sha ruwan leda, ya ja bakinsa.

Dokar ke nan kafin in yi mata ƙari.
Babana baduku ne, guntun fata ba ya ƙarewa a gidanmu.
Na yayyanka, na buga wa kowace hatimi,
kunama, jinjirin wata, idon mujiya.
Na ce duk mai riƙe da ɗaya, in ya mutu ya tashi.
Dala hamsin-hamsin.
Mai idon mujiya uku kaɗai na yi, jaka guda.

Mutari yayansa na aiko masa kuɗi daga Arlit.
Ya kwashe kunamu, ya kwashe wata, ya haɗa da mujiyoyin.
A gwangwanin biskit yake jera su,
yana shafa musu man kaɗanya.
Ya san wadda na fara yi,
ya san wadda hatiminta ya karkace ranar da nake zazzaɓi.
Ya fi ni son su, wannan ba zan ɓoye ba.

Zuwaira ko ɗaya ba ta da ita.
Ɗinki take koyo a Zango, kuɗinta na zare ne.
Amma ta san inda dutse ke da santsi,
ta san hanyar da awaki ke bi su ɓulla ta sama,
kuma kafin kafaɗarka ta motsa
ta riga ta karanta inda saranka zai faɗa.

Su biyu suka rage ran nan.
Ta taɓa shi. Ya kwance kunama ya miƙo mini.
Ta zagayo ta bayan ƙaton dutse, ta sake.
Na uku daga sama ta diro.
Matattu suka manta sun mutu, suka miƙe suna ihu.
Huɗu. Biyar. Gumi ya jiƙa mujiyar farko.
Shida,
sai igiyar takalminta ta tsinke.
Yana ja da baya ne ma, ido a rufe,
bakin sosonsa ya goge ta a ƙirji.

Na busa usur.
Abin da na rubuta da hannuna shi na karanta:
Mutari ya ci.

Ba wanda ya ɗaga shi sama.
Yara na can suna gwada dirarta, suna kurje gwiwa.
Ya zo a hankali ya ce in mayar masa da shidan,
ba don wasa ba, ya ce,
mai karkataccen hatimin na ciki.
Na ba shi. Hannunsa na rawa.

Ita kuma ta zo da takalmi a hannu:
"Ɗan baduku, kana da guntun fata?"
Na laluba aljihu.
Sai mujiya ta huɗu, wadda na yi a ɓoye jiya
don in sayar wa Mutari jaka biyu.
Ta huda ta da allura, ta ɗinke, ta taka, ta tafi.

Alhamis na zuwa.
Za ta hau dutsen da idon mujiya a ƙarƙashin ƙafa.
Rai ne ko faci?
Tun magariba nake buɗa littafin,
ban ga inda na rubuta ba.