Shirun Barkono

Kwana uku ke nan gidan bai ce uffan ba.
Ba kukan ƙyauren da ya iya kwaikwaya,
ba "Jam na?" ga mai tallar nono,
ba tarin Mamuda,
wanda ya bar duniya shekara shida
ya bar tarinsa a maƙogwaron aku.

Daga kurmi ya zo da shi, a gaban tirela,
cikin kwando ɗaure da roba.
Ya ce, "Tasalla, ga abokin hira in na yi nisa."
Ban san nisan da yake nufi ba.
Shi ma bai sani ba.

Yau ga Barkono a ƙasan keji, gashi a tashe,
jar wutsiyar ta dushe,
numfashi na fita da ƙyar,
siriri kamar zaren da ya ƙi allura.
Maƙwabciyata Ladidi ta leƙo ta katanga:
"Tsuntsu ne fa. Ki sayi wani."
Na ce to.
A wace kasuwa ake sayar da tarin mijina?

Jikana Ɗanliti ya goya ni a babur,
kwalin sabulu a cinyata, na huda shi da tsinke.
Ranar Garwa na dukan ƙeya,
Binuwai ta janye, ta bar yashi yana huci.

A asibitin dabbobi, layin makiyaya ne:
mai bijimi, mai maraƙi, mai rago gurgu,
sai ni da kwali.
Suka yi dariya. Da ni ce su, da na yi.
Dakta Hamajoda bai yi ba.
Ya ɗora shi a sikeli kamar ganyen shayi,
ya kasa kunne a ƙirjin da bai kai mangwaro ba,
ya daɗe.

"Me yake ci?"
Na kwance bakin zane, na nuna gyaɗa.
Ya fasa ɗaya. Cikinta funfuna, kore shar.
"Ta sauka a huhu."
Ragowar buhun damina ce, na ƙi zubarwa.
Da hannuna na ba shi, ina yi masa kirari.

Adashen wata biyu ya tafi a takarda ɗaya.

Sirinji marar allura, safe da yamma.
In naɗe shi a tawul kamar jinjiri,
in lallaɓa gefen baki:
"Haɗiye, ɗan nan, haɗiye."
Ya sare ni a babban yatsa har jini.
Na yi murna. Mai cizo bai sallama ba.

Dare, an ɗauke wuta,
ina fifita, ina ƙirga numfashi
har lissafi ya haɗe da tasbihi.
Haka na zauna a kan Mamuda,
tabarmar ma ita ce.

Rana ta tara ya miƙo ƙafa
ya karɓi yankan gwanda,
ya ci rabi, ya yar da rabi, yadda ya saba.
Ban taɓa jin daɗin shara kamar ranar ba.

Sati uku, sikeli ya ce ya ƙaru.
"Maganar fa, Dakta?"
"Ita ke dawowa ƙarshe, Hajiya. Wani lokaci ba ta dawowa."
Na ce ba komai, ya rayu ko da bebe.
Rabin zuciyata ce ta faɗa.

Asubar Laraba, ina alwala,
sai murya daga ƙarƙashin darbejiya,
ba ta ƙyaure ba, ba ta Mamuda ba,
tsohuwar murya mai rawa:
"Haɗiye, ɗan nan, haɗiye."

Buta ta suɓuce.
Ashe haka nake?

Can kuma ya yi tari. Sau biyu, gajeru,
irin na mai neman a kawo masa ruwa.

Na zauna a bakin rijiya, jiƙaƙƙiya,
ina dariya, ina share ido.
Aku na daɗewa, in ji Dakta.
Wata rana Ɗanliti zai shigo gidan nan
ya tarar da mu biyu a keji ɗaya,
shi yana tari,
ni ina lallashi.