Kurma Na Tsallakawa

Daga tashar Maradi muka ɗau hanyar Tasawa,
ni da buhun albasa muna rabon kujera.
Nomau na tuƙi da hannu guda,
ɗayan yana waje, yana fira da iska.

Allon farko, saniya ce cikin jan zane.
Ba tozo, ba ƙahon kirki,
ga ƙiba irin ta wadda ba ta taɓa haɗuwa da rani ba.
Jajayen shanu suka wuce ta a jere
ko ɗaya bai juya ya gaishe ta ba.
Nomau ya ce, "Baƙuwa ce.
Tun ina yaron mota take nan tsaye,
ba ta haihu ba, ba ta rame ba."

Gaba kaɗan barewa ta daka tsalle a jikin ƙarfe,
ƙafa huɗu duk a sama.
Rabon dajin nan da barewa
tun kakata na da haƙoran tauna aya.
Gero da gyaɗa sun cinye mata gida,
yara masu danƙo sun mai da ita abin gwada hannu,
tabo bakwai na ƙirga a haƙarƙarinta,
har yau ba ta sauko ba.

Wani kuma guguwa ta murɗe masa wuya.
Kibiyar da ke cewa Damagaram
rumbun wani bawan Allah take nunawa.
In ka yarda da ita,
ƙarshen tafiyarka damin maiwa.

A Cadawa mai faci ya rubuta da hannunsa:
ANA GYARAN TAYA DA KARAYA,
BA BASHI KO KAI JANDARMA NE.
Muka yi dariya har wata tsohuwa ta ƙware da goro.
Maƙwabcinsa mai shayi
ya kwantar da jan allon tsayawa a kan bulo biyu,
ya jera masa kofuna da gwangwanin madara.
Da yana tsaye ba mai sauraronsa,
yanzu da ya kwanta kowa na tsayawa.

Kafin Gazawa,
inda ba kwana, ba gada, ba shingen kowa,
hanya miƙe kamar zaren saƙa,
sai Nomau ya ɗage ƙafa,
ya rage muryar rediyo.
Murfin tano ne aka buga da ƙusa a jikin gawo,
shuɗin fenti ya ɗan zubo kamar hawaye:
A HANKALI. KURMA NA TSALLAKAWA.
ODA BA TA ISA GARE SHI.

Na duba dama, na duba hagu.
Akuya ɗaya, da inuwarta.
Na ce, ina kurman?

"Arzika? Damina uku ke nan da rasuwarsa.
A'a, ba mota ba.
Zazzaɓi ne, a kan tabarmarsa.
Shekara ashirin yana ratsa nan da hauya a kafaɗa,
bai taɓa waige ba,
mu ma ba mu taɓa shafarsa ba."

To me ya hana a cire?

"Ƙanwarsa Barira ke sabunta shi bayan kowane girbi.
Tana sai da zakara, ta sayi fenti.
Wa zai tsaya ya ce mata ta bari?
Ni dai ƙafata ta riga ta saba."

A bayanmu wata babbar mota mai ɗauke da siminti
ta ja dogon numfashi, ta lafa.
Ɗan kabu-kabu ma ya sassauta hannu.
Muka bi gindin gawon
kamar masu ɗauke da ƙwai a faifai.
Tsawon numfashi goma
duk motar ta kurmance,
ko albasa ba ta motsa ba.

Sai na ga tsohuwar nan mai goro
ta zura hannu ta taga, ta ɗaga shi sama,
ta girgiza sau biyu,
irin gaisuwar da ake yi wa wanda ba ya ji.