Gaba Goma Sha Tara

Shekara arba'in ina yasar rijiya,
daga Gagarawa har bakin Maigatari,
igiya a ƙugu, kwando a hannu,
ido a rufe in na kai ga ruwa.
Abin da na sani game da ƙasa
yatsuna ne suka faɗa mini:
tsinkakken guga, ƙashin akuya,
ɗan kunnen wata da ta leƙa da yawa.

Talle, autana, bai gaji igiyar ba.
Gabas ya bi, yana ta bi,
har ƙasa ta ƙare masa a Bahar Maliya.
Ya wanke jirgi, ya yi dakon tukwanen iska
na baƙi masu biyan kuɗi don su nutse,
har ranar da mai jirgin ya ce masa,
kai ma goya ɗaya, ka je ka ga ruwa.

Damina huɗu, sai ga shi ya dawo,
gishiri ya cinye masa fatar kafaɗa.
Bayan tuwo ya kunna waya a kan tabarma,
muka haɗa kawuna kamar kaji a kan tsaba.

Ya ce, Inna, murjanin da ke wuyanki,
danginsa na can da rai, suna tsiro,
wani reshe-reshe, wani kamar ƙwaƙwalwar sa.
Tabawa ta cire shi, ta juya, ta shinshina,
ta mayar, ba ta ce komai ba.

Ga kifi mai bakin aku yana gaigayar dutse,
ƙaras-ƙaras, kamar akuya a kan kara,
in ya yi kashi, farin yashi ne.
Ga kunkuru kamar masaki a kife
yana tafe, babu mai jiransa.
Ga wani faffaɗa, zane ne sak
da iska ta ɗauke daga kan danga.
Mai hannu takwas ya fi hawainiya sauya riga.
Ƙanana kuwa, dubu, rawaya da shuɗi,
juyi ɗaya suke yi kamar jan-baki a kan gero,
sai dai babu mai kora, babu kuwwa.

Ya ce, ba a gaggawar fitowa, Baba,
a tsaya a hanya sai jiki ya yarda.
Na ce, wannan kam mun daɗe da sani.
Na ce, gaba nawa kake sauka?
Ya lissafa da yatsu, ya ce, kamar goma.
Na yi dariya har da tari:
tawa goma sha tara ce kafin a taɓa ruwa.

Bai yi musu ba.
Jaka ya buɗe, ya miƙo mini tabarau,
roba da gilashi, har hanci yake rufewa.

Ran Alhamis aka kira ni rijiyar Maƙera.
Na ɗaure tocila a cikin leda,
Talle ya riƙe igiya, na sauka.
Da ruwa ya kai wuya na yi bisimilla,
na tsuguna, ido buɗe.

Ashe idon rijiya motsi yake.
Yashi na tsalle a bakinsa
kamar tsaki a tukunya in ta fara tafasa.
Ga saiwar tsamiya, siririya, fara fat,
ta biyo gini tun daga sama tana lilo.
Ga kwabo mai huda, ya yi kore.
Ga wani kwaɗo da rana ba ta san shi ba,
ya dube ni, na dube shi.
Wataƙila mun shekara goma muna gogar juna
ban taɓa yi masa sallama ba.

Sai da ƙirji ya yi zafi na ɗago.
Na koma. Na sake komawa.
Igiya ta girgiza sau biyu daga sama,
na manta kwandon ko rabi bai kai ba.

Da na fito Talle ya ce, me ka gani?
Na ce, laka mana, me ke cikin rijiya?
Na matse wando, na karɓi ladana.
Tabarau na nan a aljihun taguwata.
Jibi zai koma, bai tambaya ba,
ni ma ban tuna masa ba.