Kwalba a Kan Taga

Ubana ya tare wannan kwari da jakuna goma sha ɗaya,
shekarar da aka haife ni, nan bayan Quixadá.
Laka a fatar shanu, sawu bayan sawu,
kofato ya daddaɓe ta, babu inji.
Da ya rasu bai bar zane ba, bai bar awo ba,
ya bar mini awaki, da bashi, da wannan ganuwa.

Shekara biyar sama ta kame bakinta.
Gindin tafkin ya yi faso kamar dunduniya,
na ratsa shi da ƙafa har tsallake
ina tsintar ƙayar kifi.
Bana kuwa tun Maris hadari ya biya bashinsa dunƙule,
har muka rasa inda za mu sa ruwa.

Ƙanena Aldemir ya jera buhunan yashi
a bakin mafitar, layi uku.
"Zuleide, wanda ya sha fari ba ya barin ɗigo ya wuce."
Ban hana shi ba. Biyu ma ni na ɗauko.
Da dare muka zauna jin kwaɗi,
muna sayar da waken da bai kai ga tsirowa.

Talata da sassafe na zagaya bayan madatsar,
ta gindin mangwaron da Baba ya dasa a kanta,
wanda saiwarsa ta kai inda ban sani ba.
Ciyawar wurin ta fi ta ko'ina kore.
Takalmina ya nutse.
Dab da ramin tatu, dabbar nan mai sulke,
ga ɗan ido kamar bakin buta yana ɓulɓulowa.

Bara waccan injiniya Ivonete ta zo a kan babur,
ta rubuta gyara shida, kuɗinsu ya fi gonar.
Magana ɗaya na riƙe, don ita kyauta ce:
"In yoyon garau ne, sa masa ido.
In ya zo da launi, madatsar ce da kanta ke tafiya,
cokali-cokali, ta ciki take zaizayewa."

Na ɗebo a kwalbar zuma, na ɗora kan taga.
Na yi tatsa, na dafa kofi, na ƙi waiwaya.
Da yamma ga jar ƙasa kwance a gindinta,
kaurin ɗan yatsa.
Na san ƙasar nan.
A bayan jakunan Baba ta zo, ga ta tana komawa.

Gida bakwai ne a ƙasa da mu.
Genivaldo mai gyaran keke, matarsa da cikin wata takwas,
makaranta mai shuɗin ƙofa,
Dona Creuza da kunnenta ya yi nauyi.
Sunana ne a takardar gonar, ni kaɗai.
Ran da ta ɓalle fa, ta zama ta kowa.

Aldemir ya ce a bari sai Asabar.
Na ɗauki fitila da adda.
Buhun farko na farke cikinsa, na biyu ya fi ƙarfina,
sai na ji numfashi a bayana.
Bai ce komai ba, ya kama ɗaya kunnen.
Ruwan da muka roƙa shekara biyar
ya bi ta tsakanin ƙafafunmu, da sanyi, yana wucewa.

Daga nan na gangara ƙwanƙwasa ƙofofi.
Creuza sai da na shiga ta taga.
Suka kwana a coci, kan tudu, da kajinsu,
wasu na godiya, Genivaldo na zagi.

Yau kwana huɗu. Tafkin ya sauka kamu uku.
Idon bai rufe ba, launinsa dai ya ragu.
Na aika wa Ivonete, ta ce sai an gyara gada.
Na aro zarto saboda mangwaron,
yana nan jingine, ban taɓa shi ba.
Kowace safiya sabuwar kwalba,
in ɗaga ta ga rana, in jira ƙasa ta kwanta,
kafin in amsa wa kowa gaisuwa.