Jaridar Iya Balaraba

Ƙarfe goma na dare a Lesta,
ruwa na tsiyaya a jikin tagogi.
Ɗakin karatu, hawa na uku,
ni da littattafai muna zaman kurame,
kowa na jiran ɗan'uwa ya tanka.

Wata biyar ke nan ina hadda:
sunayen masana da zane-zanensu,
layi ya hau, layi ya gangara,
tattalin arziki kwance a takarda
tsaf, kamar akushin da ba a taɓa ci a ciki ba.

Sai ƙarar bokiti daga bayan kanta.
Iya Balaraba, 'yar zangon Kumasi,
shekara ashirin tana goge benen nan.
Ta ji ina waya da Yaya Hansatu,
ta jingine tsintsiya ta dafa ƙirji:
"Ashe tamu ce, ake ta wuce juna!"

Washegari ta zo da jarida,
irin wadda ake bari a kujerar bas,
ta naɗe ta a leda kamar ƙosai.
"Idona ya gaji, rubutun ƙanana.
Mai gida ya ƙara min kuɗin haya,
ya ce ba laifinsa ba ne, kuɗin ruwa ne.
Ke da kike karatun kuɗi, 'yata,
wane ruwa ne ya ci ɗakina?"

Na buɗe baki, iska ta fito.
Da a jarrabawa ne da na cika shafi,
da sunan marubuci da shekarar bugu.
Amma a gaban Iya, da safar roba a hannunta,
ilmina ya sulɓe kamar sabulu.

Daren nan barci ya ƙi ni.

Tun daga ranar nake tsintar jarida.
Ina karanta yajin aikin direbobi
a tashar da nake tsaye ina jiransu.
Ina karanta tsadar gas
da bargo biyu a kafaɗata.
Na ga yadda fam ke taka naira,
na gane dalilin da kuɗin filin Baba
ke ramewa a hanya kafin su iso ni.

Ranar Laraba na kai mata labari biyu,
abu guda, amma kowa da fuskarsa.
Ta ce, "Ai haka ake a kasuwa.
Mai tumatir ba ya cewa nasa ya ruɓe.
In kin karanta, ki tambayi takardar:
wa ya aiko ki, me zai samu?"
Na rubuta wannan a bangon littafina,
sama da duk abin da farfesa ya faɗa.

Sai da na yi sati uku kafin na amsa mata.
Na jera ƙullin sukari a kan tebur:
wannan babban banki, wannan ƙarami,
wannan mai gida da bashi a wuyansa,
wannan na ƙarshe, wanda ya jiƙe da shayi,
ke ce, Iya.

Ta daɗe tana kallo.
Ta ɗauki jiƙaƙƙen ta juye a kofinta,
ta yi dariya har da tari:
"To, hayar dai ba ta sauka ba,
amma yau na san inda duka ke fitowa."

Da sanyi ya ja baya ta koma Kobantiri,
wurin ɗanta, gwiwa ta hana ta bene.
Wani saurayi ke goge hawa na uku yanzu,
waya a kunne, ba ya gaisuwa.

Ni kuwa kullum sai na buɗe jarida
kafin in buɗe littafin aji.
In na gama shafi sai in ɗaga kai
in gwada faɗinsa da Hausa, a hankali,
ga kujerar da ke kusa da taga.
Inda harshena ya sarƙe,
nan ne ban gane ba tukuna.