Telan Yantala

A Yamai, saman shagon mai gyaran waya,
Sahabi na ɗinka wa shafuka riga,
ba zare, ba allura:
nan launi, nan tazara,
nan a bar wa ƙugiyar ɗ da ƙ wurin miƙe ƙafa.

Ƙofar aikin a buɗe ya bar ta.
Mai so ya ɗauka, mai iyawa ya ƙara.

Kamfanin ƙetare ya kafa allo a shataletale,
fitilarsa na ci ko unguwa ta yi duhu.
Tallar Sahabi takarda talatin ce
a bayan kabu-kabu,
ruwan Agusta ya wanke rabi.

Na ce, jika nawa suka shigo watan nan?
Ya yi dariya, ya juyo mini kwamfuta.

Ƙarfe biyun dare, wata Habsu daga garin Tawa,
wadda bai san fuskarta ba,
ta ɗinke ɓarakar da ta hana shi barci kwana tara.
A ƙasa ta rubuta:
shuɗin nan ya yi yawa, na rage.

Ya duba. Da gaskiyarta.
Shayin ya huce, muka sha hakanan.